Koren Ƙofar Hajja Kaltume

Jiya bayan azahar na ji ku kuna ƙus-ƙus a bayan shago, lokacin da na buɗe ɗan akwatin gwangwanin nan nawa na tsoma buroshi a kofin ruwa. Ɗayanku ya ce da Larabci, don yana zaton kunnena ya yi nauyi, wai Usta Yaƙubu ya tsufa ya koma wasan 'yan firamare. Ban ji haushi ba. Ni ma abin da na faɗa ke nan ranar da na fara ganin fentin ruwa, kuma a lokacin gemuna ya riga ya fara fari. Tunda allon mai sayar da ful ɗin can, dafaffen waken nan, sai ya sha iska kafin mu yi masa shafi na biyu, ku jawo benci ku zauna in gaya muku yadda abin yake.

Aikin farko da aka bari na taɓa da hannuna shi ne bayan wata lori mai zuwa Niyala. A Mantiƙa Sinaiya ke nan, unguwar masana'antu ta Khartum, a warshar Usta Babikir, wato shagon aikinsa, inda babana ya kai ni ina saurayi. Babana malamin allo ne. Kakanmu ya taso daga ƙasar Katsina zai je Makka, ya je ya sauke farali, a hanyar dawowa ya ce bari ya ɗan huta a bakin Nilu, hutun da har yau zuriyarsa ke yi. Baba ya so in gaje shi, amma ya lura kaina ba ya riƙe karatu kamar yadda hannuna ke riƙe alƙalami, sai ya ce to in je inda kyan hannu ke ba mutum abinci. Na daɗe a wurin Usta Babikir ba na komai sai kankare tsohon fenti da wanke buroshi a kananzir, har fatar yatsuna ta tsattsage. Ranar da ya miƙo mini sandar da ake dafa hannu a kanta, ya nuna mini katakon bayan lorin ya ce, "Kogi, dabino, jirgin ruwa, tsuntsu a sama. Yalla, fara." Na zuba shuɗi kamar na marina, na kafa dabino, tsuntsun kuwa ya fito kamar kazar da ruwa ya yi wa duka. Usta ya duba ya ce, "Ma'alesh, ba komai. Bar shi ya bushe, gobe ka rufe shi."

Wannan ita ce dokar buhiya, fentin man da kuke aiki da shi yanzu. Tana da rufin asiri. Ka yi kuskure, ka jira ta bushe, ka bi ta kai, babu mai sani sai kai da Allah. Duhu ake fara sawa, a kawo haske a kansa, fari kuma shi ne na ƙarshe, ɗigo ɗaya a idon tsuntsu. Da wannan dokar na yi aure, na kama gida a Umbadda, na buɗe warsha tawa kusa da ta ubangidana. Sai injinan buga leda suka shigo gari. Mai shago ya je da safe, kafin la'asar an ba shi allonsa har da hoton gasasshiyar kaza, ya manna. Direbobi ma suka koma manne-manne. Muka wayi gari muna zaune a bakin warsha muna korar ƙuda.

Cikin wannan zaman ne wani dattijo siriri mai tabarau ya shigo yana tambayar wanda har yanzu yake rubutu da hannu. Sunansa Ustaz Nuraddin, ya yi ritaya daga koyar da zane a sakandare. Ɗan allon katako yake so da zai rataya a ƙofar gidansa, a rubuta cewa ana warshar zane duk Asabar. Na ce, "Ya Ustaz, warsha kuma a cikin gida? Ina injin, ina man?" Ya ce, "Kawo allon da kanka ka gani."

Na kai ranar Asabar. A ƙarƙashin rumfar tsakar gida na tarar da manyan mutane zagaye da tebur, har da wata mai kantin magani da ake kira Dakta Salwa, kowa ya duƙufa, ba ka jin komai sai ƙarar buroshi a jikin kofi. Abin da suke zura wa ido kuwa jabana ce, tukunyar gahawa ta yumɓu, an ɗora ta a kan farin ƙyalle. Na leƙa faranti na ga 'yan ƙwayoyin launi kamar alewa, na ce a raina wannan ai wasan yara ne. Ashe ba a raina kawai na faɗa ba. Ustaz ya jawo kujera, ya ajiye mini takarda da buroshi ya ce, "Tafaddal, ya Usta. Kai ne mai sana'a a cikinmu."

Na zauna na yi yadda na sani. Na kwaɓa ja da baƙi da kauri, na cika cikin jabanar daga wuya har gindi cikin ɗan lokaci. Sannan na miƙa hannu na ce, "Ina farin?"

Ya ce, "Babu."

"Yaya babu fari? Da me zan sa ƙyallin da ke kafaɗarta?"

"Da akwai shi, amma ka riga ka binne shi. Takardar ita ce farin. Inda kake son haske, tun farko za ka ƙyale wurin, ka zagaye shi."

Na ɗauki tsumma na murza don in tono farin. Takardar ta saɓule ta yi gashi-gashi, launukan suka cakuɗe suka koma kamar ruwan kwata. Dakta Salwa ta leƙo ta ce, "Marhaba da kai, ya Usta. Dukanmu ta wannan ƙofar muka shigo." Asabar ta gaba na rufe warsha da wuri, na wanke hannu da toka har warin kananzir ya ragu, na dawo.

Ku bar ganin akwatin nan ƙarami. Kayan aikin kaɗan ne, amma kowanne da halinsa. Takarda ita ce rabin aikin, mai kauri ta auduga, wadda in ka shafa ka ji tana da ɗan kaushi kamar ɓawon lemo. A Khartum samunta sai an sha wuya, sai dai wani zai dawo daga Alƙahira a roƙe shi ya sako a ƙasan jaka. Mukan yayyanka ta ƙanana, mu yi aiki gaba da baya. Kafin ka fara sai ka jiƙa ta, ka manne gefunanta a jikin katako, in ba haka ba ta yi tudu da kwari, launi ya taru a kwarin. Buroshi kuma mai laushin gashi ake so. Ka jiƙa shi ka yarfe, in bakinsa ya dawo ya yi tsini kamar allura to na kirki ne, kuma ba a barinsa tsaye a kofi da kai ƙasa. Kofi biyu ne, ɗaya na wanki ɗaya na ruwa mai tsabta, duk wanda ya haɗa su zanensa zai fito kamar an ajiye shi a madafa.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne lokaci. Ruwan da ke kan takarda yana da matakai. Yana sheƙi, duk abin da ka sa zai gudu inda ya ga dama. Sheƙin ya fara kwantawa, to nan ne za ka ɗiga launi ya bazu a hankali yadda kake so. Daga nan sai ka ɗauke hannu har ta bushe ƙamas. In ka taɓa a tsakiyar nan, sai wani tabo ya fito mai baki-baki kamar shatin gumi a bayan riga, kuma babu abin da zai rufe shi. Hannuna da ya saba gyara bai san zama ba. Ustaz yakan zo ya zare buroshin daga yatsuna ya sa mini kofin shayi a madadinsa, ya ce, "Riƙe wannan har in dawo."

Wata rana ya kawo turmi ƙarami da wani garin ja, ya ce yau za mu ga cikin fentin. Ya zuba garin, ya kawo wani ruwa mai danƙo da ɗigon zuma ya yi ta niƙa. Na sansana ruwan na ce, "Ustaz, wannan ai ƙaro ne." Ya ce shi ne. Ƙaron Kurdufan, wanda motocin lorin da nake yi wa zane suke kwasa zuwa bakin teku, shi ake kaiwa ƙasashen waje a haɗa da garin launi a dawo mana da shi a 'yan ƙwayoyi. Da shi babana yake haɗa tawada, ya kankaro baƙin gindin tukunya ya dama da ƙaro. Tun ina yaro nake niƙa masa, ban san rabin wata sana'a nake koyo ba.

Fitarmu ta farko Mugran muka je, inda kogunan biyu ke haɗuwa, da sassafen wata Juma'a cikin damina. Na kafa katakona a gwiwa, na kwaɓa shuɗi na shimfiɗa shi daga wannan gefe zuwa wancan. Ustaz ya tsaya a bayana ya ce, "Wane kogi ne wannan?"

Na ce, "Nilu mana."

"Na bayan lori, ko wanda ke gabanka?"

Na ɗaga kai. Wanda ya fito daga Habasha ya cika ya batse, launinsa kamar shayin da aka zuba wa madara kaɗan, mai kauri, yana juya itatuwa. Ɗayan kuma fari-fari ne da ɗan kore a ciki, kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowa da launinsa, sai can nesa suke yarda su gauraya. Kullum ta kan gadar da ke wurin nake wucewa zuwa aiki, safe da yamma, tun kafin a haifi iyayen wasunku, ban taɓa ganin haka ba sai ran nan.

Zane a waje wani karatu ne daban. Zafin Khartum ba ya jiran kowa, kafin ka dawo da buroshi layin farko ya bushe ya bar maka shati. Muka koyi jiƙa bayan takarda, da zama a inuwa, da gama sararin sama da babban buroshi cikin numfashi ɗaya. Iska ta taso, yashi ya manne a ɗanyen launi, in ka ce za ka share ka ɓata, sai ka bari ya bushe ka hure. Ga 'yan kallo, kowa malami. Wannan ya ce ka manta jakinsa, wancan ya ce me ya sa ba ka ɗauki hoto da waya ka huta ba. Amma lokacin sanyi, wayyo. Mu tsallaka tsibirin Tuti rana ba ta fito ba, manoma suna buɗe wa gonakin lemo ruwa, hayaƙin masu gasa bulo yana kwance a kan kogi, mai shayin da ta san mu ta riga ta jera mana kujeru a gindin bishiya. Takarda takan daɗe da danshi, ka yi aiki a natse. Wata Juma'ar kuma Murada, kasuwar kifi, inda sai ka yi sauri don kafin ka gama zana kwando an sayar da abin da ke ciki. In rana ta ɗaga sai mu jera zanukan a ƙasa, mu danne su da duwatsu, mu tsaya a kansu muna gardama, kowa da burodi da ta'amiyya, ƙosan garin nan, a hannu.

Mutum na farko da ya nemi zanena ya rataya wani masassaƙin jirgi ne a Abu Rof, Ammu Jabir. Yana haɗa jirgin katako na itacen bagaruwa, ya ce shi ne na ƙarshe, don kowa ya koma na ƙarfe. Na zauna na zana shi tun yana haƙarƙari zalla. Da na nuna masa, ya goge hannu a riga, ya karɓa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Launin ya yi. Amma wannan jirgin naka in ka sa shi a ruwa, da kai da kayan duk sai ƙasa."

Na ce, "Ina laifinsa, ya Ammu?"

Ya kama hannuna ya kai ni gaban jirgin, ya ɗora tafina a kan katakon ya bi da shi tun daga hanci har ciki. Akwai wani lanƙwaso a wurin da ido ke tsallakewa, hannu ne kawai ke jinsa. Na yi ta komawa Juma'a bayan Juma'a, ina ɓata takarda, shi yana ƙara katako, har muka gama kusan tare. Na ƙarshen ya karɓa, ya shiga rumfa ya fito da wani falle na bagaruwa da ya goge sumul ya ba ni. A kansa na riƙa manne takarda daga ran nan.

Yaƙin kuwa ranar wata Asabar ya fara, cikin azumi. Kun sani, ba sai na gaya muku ba. Na fito da safe da akwatina a aljihun jallabiya da 'yan takardu a hammata zan tafi gidan Ustaz, muna shirin baje zanukanmu ga jama'a bayan salla. Motar da na shiga ba ta kai gada ba direba ya juya. Duk abin da na zana a shekarun nan yana can tsallake, cikin kabad ɗin ƙarfe a warshata. Na ce kwana biyu ne a buɗe hanya. Muka zauna a Umbadda har zama ya gagara, aka wawashe Kasuwar Libiya muna ji muna gani, sannan ni da matata Zainabu muka tattara abin da za mu iya ɗauka muka yi arewa, muka samu kusurwa a wata makaranta a Sawra da aka cika da mutanen da suka baro gidajensu.

A can ruwa sai mai amalanken jaki ya zo da ganga, wata rana ma ba ya zuwa. Ran da na fara ɗibar rabin kofi zan tsoma buroshi, Zainabu ta riƙe hannuna ta ce, "Malam, wannan na sha ne." Gaskiyarta. Daga nan ta riƙa tara mini ruwan ɗaurayar kofunan shayi a wani gwangwani, shi ya sa duk zanen da na yi a shekarar yana da ɗan ja-ja a sararin samansa. Takarda ta ƙare, wani mai ɗab'i da ke kwana a ajin da ke kusa da namu ya ba ni damin katunan gayyatar biki da aka buga ba a zo karɓa ba, masu kauri marasa sheƙi, na riƙa aiki a bayansu. Launi ma ya fara ƙarewa. Na samo ƙaro wurin mai kayan ƙamshi, na niƙa jan bulo ya ba ni ja, gindin tukunya ya ba ni baƙi, gahawa ta ba ni ruwan ƙasa, bular wanki ta ba ni shuɗi. Zoɓo na gwada, yana da kyau ranar farko, kafin mako ya koma toka. Kore ne kawai na kasa haɗawa, sai ɗan guntun da ya rage a kusurwar akwati, ina tattalinsa.

Mutane da yawa an karɓe musu waya a hanya, hotunansu duk sun tafi. Da suka ga ina zane sai suka fara zuwa, wannan ya ce in zana masa shagonsa, wannan ta ce tsakar gidansu. Su faɗa, ni in zana. A cikinsu akwai wata tsohuwa Bahaushiya daga unguwar Mayo, Hajja Kaltume, wadda jikokinta suka yi ta zagaye da ita gari gari kafin su iso nan. Ta aiko aka kira ni, na same ta a kan gadon igiya a baranda. Ta ce, "Kai ne ɗan malamin nan mai zane? Zauna, Yaƙubu. Ƙofar gidana nake so."

Ta lissafa mini komai. Katangar ƙasa ce, dogon yaro a hannun dama, randuna biyu a gindinsa da ta ajiye wa masu wucewa, da moɗa ɗaure da igiya. Ƙofar kuma ta ƙarfe ce koriya, marigayi mijinta ne yake shafa mata fenti duk shekara kafin babbar salla, bayan rasuwarsa 'ya'ya suka ci gaba. Katanga da bishiya da randuna ba su ba ni wuya ba. Na bar gurbin ƙofar fari, na ɗauki wani kati na fara gwada kore a gefensa ina nuna mata.

"A'a, wannan ganyen dogon yaro ne."

Na ƙara ruwa. "Wannan kuma miyar lalo."

Na sa ɗan shuɗi. "Ka kai ni masallaci. Ƙofar gida na ce maka."

Kwana da kwanaki muna wannan, guntun korena yana narkewa ina kallo. Jikarta ta ce, "Hajja, ki haƙura mana, kore ai kore ne." Ta ce, "Ke ba ki taɓa dawowa daga kasuwa da rana tsaka kin hango ta daga bakin layi ba." Ranar da abin da ya rage bai fi ƙwayar dawa ba, na narka shi duka, na sa ɗigon bula, na taɓa bakin buroshi a gahawa na juya. Na shafa a gefen kati na jira ya bushe, don fentin ruwa yana ɗanye daban, ya bushe daban. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta ce, "Ita ce. Sa ta." Na cika gurbin da shafi ɗaya, na ɗauke hannu. Ta sa aka soke katin da ƙusa a bango saitin kanta. A bayansa akwai sunayen wasu ango da amarya da ba mu sani ba.

Da aka buɗe hanya na ce zan tsallaka in dubo warsha. Hajja Kaltume ta ji, ta kwatanta mini layinsu a Mayo, ta ce in na samu hali in leƙa. Mantiƙa na fara zuwa. Rufin warshar babu, an ɓalle kabad ɗin, ba su ga abin ɗauka ba suka bar takardun a ƙasa. Damina ta bi ta kansu ba sau ɗaya ba. Sun manne sun zama dunƙule guda kamar bulo, Mugran da Tuti da Murada duk sun zube cikin juna. Na ɗaga, na juya, na mayar inda na same shi. Gidan Ustaz a kulle yake, allon da na rubuta yana rataye da ƙusa ɗaya. Daga baya Dakta Salwa ta same ni a waya daga Kampala, ita ta gaya mini ya kai Alƙahira, can Allah ya yi masa rasuwa. Ta ce tana zane har yanzu, amma can takarda ba ta bushewa, sai ta zauna tana yi mata fifita tana tuna zafin da muke zagi.

Gidan Hajja na same shi da kwatancenta. An sare dogon yaron, sai kututture. Randunan sun zama tsingaro. Ƙofar an cire ta da ƙarfi, amma ƙarfen da take maƙale a jikinsa yana nan a bango, da fenti a kansa. Na sa wuƙa na ɓanɓaro ɗan yanki. Da na duba gefensa sai na ga shafi a kan shafi, na shekara da shekaru, kore iri-iri, babu biyu da suka zo ɗaya. Na saman kuwa ya koɗe ya yi toka-toka, ko kusa bai yi kama da wanda muka sha wahala a kansa ba. Na sa shi a kwalin ashana na dawo.

Ba ta tambaye ni bishiya ba, ba ta tambayi randuna ba. Ta ce, "Ƙofar tana nan?"

Na ce, "An cire ta, Hajja. Ga abin da ya rage a jikin bango."

Ta buɗe kwalin, ta sa jikarta ta ciro katin daga ƙusa, ta ɗora yankin a kan ƙofar da na zana. Ta daɗe tana duba su. Sannan ta ce, "Wannan rana ta cinye shi. Salla nawa ba a shafa ba. Naka ne daidai." Ta rufe kwalin ta tura ƙarƙashin matashi. "Idan za mu koma, maƙeri zai yi sabuwa. Kai za ka shafa ta, kuma wannan koren nake so, ba wani ba."

To yanzu kun san ma'anar layukan koren nan da ke bangon bayan shago, waɗanda kuke cewa ina ɓarnar buhiya. Injinan leda an kwashe su, masu shaguna sun dawo neman mai rubutu da hannu, shi ya sa kuke nan kuna koyo, ni kuma duk gwangwanin koren da ya shigo sai na ɗiba na gwada. Abin da ruwa da ƙaro suka bayar a kan kati, mai bai yarda ya ba ni a kan ƙarfe ba tukuna. Har yanzu su Hajja Kaltume suna makarantar, gidan nata babu rufi, maƙerin ma ba a yi magana da shi ba. Amma in jikinta ya yi daɗi takan sa a kawo ta a raksha, keken nan mai ƙafa uku. Makon jiya ta zo kuna can kuna kafa allo a kasuwar Suk al-Shabi. Ba ta iya saukowa ba, na ɗauko faranti na ƙarfe da na shafa sabon haɗi na kai mata har cikin rakshar. Na riƙe mata shi. Ta duba faranti, ta duba katin da ta ciro daga cikin mayafi, ta girgiza kai.

Ta ce, "Ƙara ɗan shuɗi, Yaƙubu. Ai ba sauri muke ba."